Jan Fenti a Bangon Inna

"Inna, ki fita daga ɗakin ga, faɗuwa zai yi!" na ce, ina shafa jan fenti a bangonta na ƙasa.

Farkon Jihar Kebbi ne. Wani bene ya rufta da mutum tara, aka tura mu injiniyoyi duba gine-gine. Na fara da gidanmu a Yelwa, don a san aikina ba sani ba sabo.

Na nuna mata ɗakin bulo da na gina mata a bakin tafki.

"Salisu, da rani ka auna wurin can," in ji ta. "Ka tambayi masunta inda ruwa ke kaiwa?"

Ni da digirina, in tambayi masu taru? Ta ƙi tashi, ni kuwa na tare a ɗakin bulon don in ba ta kunya.

Da tafki ya cika, ƙasa ta jiƙe. Wata Juma'a ina masallaci, ɗakin ya durƙushe a kan katifata da digirin.

Yanzu ɗakin Inna nake kwana. Na ɗauko ruwa zan wanke fentin, ta riƙe hannuna.

"Bar shi, ɗan nan. Shi kaɗai ne aikinka da bai faɗi ba."