Ranar da Mai Fito Ya Sauka Daga Jirginsa

Zauna, Bara'atu, ki daina murɗa hular nan kamar ita ta yi miki laifi. Na san abin da ke cin ranki. Abokan karatunki duk sun tashi jirgin sama su kaɗai, an sheƙa musu ruwan murna a ka, ke kuwa yau ma na ce ba zan fita in bar miki jirgin ba. Har na ji ana cewa za ki tattara kayanki ki koma gida. Wallahi ni ma abin bai yi mini daɗi ba. Amma ɗazu da iska ta kauce da ke daga saitin titin sauka, kin ga sarai saukar ba ta yi ba, kika danna jirgin zuwa ƙasa da ƙarfin tsiya, ya yi ta tsalle da mu kamar ɗan akuya har sai da na karɓe. Bari in ba ki wani misali.

An yi wani manomi a bakin babban kogi wanda ambaliya ta cinye masa gona. Ga iyali, ga shi ba shi da wata sana'a, sai ya je wurin wani tsohon mai fito ya ce a koya masa tuƙin kwale-kwale. Tsohon ya yi masa alkawarin ranar da ya gamsu da shi zai sakar masa jirgi guda ya riƙa nema da shi. Manomin ƙaƙƙarfa ne, nan da nan ya iya tuƙi. Matsalarsa ɗaya ce. Wurin tsayawa a ɗaya gaɓar ɗan tsukuku ne, ga dutse a dama, ga sarƙaƙiya a hagu, ruwa kuma na gudu a wurin. In ka shigo a karkace, dabara ita ce ka ja da baya, ka bar ruwa ya ɗan tafi da kai, sannan ka biyo gefe ka sake shigowa. Shi kuwa kunya ba ta barinsa. A kan gaɓar akwai mata masu soya kifi, bakinsu ya fi mansu zafi, duk wanda ya kuskure sai sun yi masa guɗa. Saboda haka ko ya ga ya karkace sai ya cije ya kutsa, hancin jirgi ya daki dutse, fasinjoji su yi salati. Tsohon na zaune a baya, ba ya faɗa, ba ya zagi. Abin da yake cewa kawai shi ne, "Sai gobe." Waɗanda suka zo bayansa aka ba su jirage, shi yana nan yana shan sai gobe har ruwa ya ja ya sake cikowa.

Ran wata kasuwa suka ɗauko buhunan albasa da mata masu goyo, jirgi ya cika har ruwa na lasar bakinsa. Da suka kusa gaɓa ya ga ya sake karkacewa. Ya dubi dutsen, ya dubi wani jariri da ke barci a bayan uwarsa daidai hancin jirgin. Sai ya kafa filafilinsa ya ja da baya. Masu kifi suka kaure da guɗa, wata har da buga murfin tukunya. Gumi na zuba, bai ɗaga kai ba, ya bar ruwa ya tafi da shi, ya biyo gefe a hankali, ya shigo sumul, jaririn ko motsawa bai yi ba. Aka sauke kaya yana sunkuye, yana cewa a ransa yau kam ya gama zubar da mutuncinsa. Tsohon ya miƙe, ya tattare rigarsa, ya taka gaɓa, ya sa ƙafa ya tunkuɗa jirgin cikin ruwa. Ya ce, "Koma ka kwaso sauran, ni ina nan. Tuƙi ka daɗe da iyawa. Fasawa nake jira in ga ka iya."

To, kin ji. Hannunki ba shi da laifi, Bara'atu, tashi da juyi duk kin iya. Ran da na ga kin hango saukar ba ta yi ba, kin ƙara wuta kin sake tashi kin zagayo ba tare da na buɗe baki ba, ko duk makarantar nan na kallonki, ran nan zan kwance bel ɗin kujerata in fita. Je ki kwance kayan da kika ɗaure, gobe da sassafe ina jiranki a gindin jirgi. Ja da baya ga rago ba tsoro ba ne.