Mai Hawa Dutse da Waya

Malam, maigidana, ba ya nan. 'Yan bindiga suka tare shi a gonarmu ta bayan Ruwan Godiya farkon damina, aka kawo mini shi a kan amalanke. Na shiga takaba, daga ɗaki sai tsakar gida.

Autarmu Ikhlas tana jami'a. An zaɓe ta cikin wani shiri na ɗalibai masu hazaƙa, inda kowa zai yi bincike a kan abin da ke damun garinsu. Wanda ya kammala da kyau, a tura shi ƙarin karatu. Ita ta zaɓi wuta-wuta, ciyawar nan da ke kashe mana dawa. Ni firamare na tsaya, don haka da ubanta suke wannan hira. Da ta zo gaisuwa na ce mata, "Kada in sake jin kin ambaci gonar nan." Ta ce, "To, Inna."

Kullum ta bugo waya sai ta ce aiki yana tafiya, malamai sun yaba, saura kaka ta gama. Wannan kaɗai ke sanyaya mini rai.

Abin da ke cina daban ne. Kowa a ƙasar Faskari ya sani, mutanen daji ba sa zuwa sai da infoma, wani na cikin gari da ke gaya musu wa ya fita, ina ya nufa. Wa ya gaya musu Malam yana gona shi kaɗai?

Ƙanwata Talatu ce idona a waje. Ita ta fara kawo mini zancen maƙwabcinmu, Malam Muttaka. Mutumin da ko lamba ba ya iya dannawa, ga shi da babbar waya mai ɗaukar hoto. Gonakin bayan gari duk an bar su, shi ko da sassafe can yake nufa. An gan shi a tamu yana kafa turaku, yana ɗaura musu jan ƙyalle. In ya gama sai ya hau dutse ya ɗaga wayar sama, yana juyawa gabas da yamma.

Ran nan ya zo zaure gaishe ni. Daga bayan ƙofa na ce, "Malam Muttaka, mi kake nema a gonar marayu?" Ya ce, "Hajiya, amana ce. Ki yi haƙuri." Amanar wa? Ya ja takalmansa ya tafi.

Na kwana biyu ina juya maganar. Jan ƙyalle alama ce, dutse wurin aika saƙo ne. Na kira Talatu na ce ta je wurin shugaban 'yan sa-kai ta gaya masa duk abin da ta gani. Ranar kasuwar Ƙanƙara 'yan sa-kan suka ɗauke Malam Muttaka a kan babur, matarsa tana kuka har titi. Ban ji tausayi ba. Mun san yadda suke tambaya, mun kuma san ba kowa ke dawowa ba.

Yau da hantsi Ikhlas ta bugo, muryarta a dame.

"Inna, ki yafe mini, na ɓoye miki abu. Dawar gwajina tana gonarmu. Tun da Baba ya rasu Baba Muttaka ke duba mini ita, ni na ba shi wayata ta da, na roƙe shi kada ki sani. Kullum yana hawa dutse neman sabis ya turo mini hotunan dawar da ya yi wa alama, yanzu sun daina zuwa. Ko lafiya yake?"

Talatu ta fita a guje ko mayafi babu. Ni takaba ta ɗaure ni a tsakar gidan nan. Duk wanda ya karanta wannan, ya ɗaga hannu ya taya ni roƙo: Allah ya jiƙan Malam, Allah ya sa Talatu ta tarar da Malam Muttaka da rai.