Hoto a Gindin Mangwaro

"Matsa kusa da ƙanenki mana," in ji mai hoto. "Yi dariya, ba zaman makoki kika zo ba!"

Yau ake rantsar da sababbin ɗalibai, har da ƙanena Auta, kowa a gindin mangwaron nan yake ɗaukar hoto. Auta yana jariri aka tashi ƙauyenmu don gina jami'ar nan. Ni a aji uku na tsaya, na goya shi, ina tallar sakwara.

"Yaya, da ma Inna ta ga rigar nan," ya ce.

Mu a tsakar gida muke binne mamatanmu. Da hannuna na dasa mangwaron nan a kan kabarin Inna.

Na kasa faɗa masa. Na dai ce, "Cire takalminka, Auta."