Jikin Ya Yi Sanyi

Da ta taɓa ƙafar mijinta ta ji ta sanyi ƙalau, sai ta yi dariya, karon farko tun da ya dawo daga walimar coci riƙe da ciki, ciwon na soke shi har gadon baya.

Ƙaninta na tsaye a ƙofa, ya bar injin kwalekwalensa a kunne.

"Yaya, ruwan teku zai janye, duwatsu su tare hanya. Mu kai shi asibitin babban tsibiri yanzu."

"A kai shi ya yi me? Zazzaɓin ya sauka, zo ka taɓa! Tausata da man kwakwa ta fi allurarsu. Wuce kamun kifinka, sarkin tsoro."

Ya wuce. Ta ci gaba da murza ƙafafun tana rera waƙa.

Ba a jima ba nas ta iso daga ƙauyen gaba. Ta danna farcen maigidan, ya yi fari fat, ya ƙi komawa ja.

"Yaushe rabonsa da fitsari?"

"Tun jiya. Amma ai jikin ya yi sanyi."

"Inna, abin da ke bayan tumbinsa ne ya kumbura. Hanyoyin jini sun tsuke, jiki ya ƙwace jinin ƙafafu da na ƙoda ya tara wa zuciya. Wannan sanyin ba sauƙi ba ne. Ina kwalekwalen?"

Matar ta fita a guje har bakin teku. Ruwa ya janye, duwatsu sun fito. Can bayansu ta hango ƙaninta, ta ɗaga hannuwa biyu tana ihu.

Ya ɗago mata hannu da fara'a, ya nausa cikin teku.