Jan Katako Ƙafa Ɗaya

Dutsen Ukaimadan ya karɓe wa Hadda mijinta Bihi. Abin da ya bar mata rumfar ba da hayar kayan zamiya a kan ƙanƙara ce, da tulin takalman zamiya masu warin ƙafar baƙi, da jan katakon zamiya ƙafa ɗaya. Katakon nan shi ya sulalo shi kaɗai har gindin dutse ranar da dusar ƙanƙara ta zaftare, ya riga kowa kawo labari. Aka yi zaman makoki, ta yi takaba, ta fito ta buɗe rumfa.

Ba ta taɓa ɗora ƙafa a kan katakon zamiya ba, amma ta iya jinyarsa. Idan 'yan birni suka dawo da kayan haya, sai ta zare cikin takalmi ta cusa masa tsohuwar jarida, ta ajiye nesa da wuta kada robar ta tsage, ta ɗaure maɓallan kada baki ya saki. Jaridar ba ta iya karanta ta ba, amma ta san wadda ta fi shan danshi. Katakai kuwa, ta bi ƙarfen gefensu da magagari, ta narka kaki da dutsen guga ta shafe cikinsu, ya huce ta kankare.

Da jan katakon take farawa kullum, alhali ba mai hayar ƙafa ɗaya. In ya yi sheƙi sai ta jingine shi a bakin rumfa, inda duk mai wucewa zai gan shi.

Masu tayawa ba su yanke ba. Kowa ya ɗaga shi, ya juya, sai ya ce, “Lalla, uwargida, ina ɗan'uwansa?”

“Ya tafi aikin hajji,” in ji ta. “Nawa ka saya?”

Wani mai otal ya so ya rataye shi a bango don ado. Ta ce ya kawo kuɗin alfadari biyu. Ya yi dariya, ta ce yanzu sun zama uku.

Lahsan mai shayi, maƙwabcin rumfarta, ya leƙo. “Haba Hadda! Ko Bihin ne da kansa ai bai kai alfadari uku ba.”

“Kai ko jaki gurgu aka ba matarka ai ta ci riba.”

Ranar Juma'a mata kan gangara maƙabarta su yayyafa ruwa a kan nasu, ita tana rumfa tana kankarar kaki. Suka ce son ciniki ya cinye mata zuciya. 

Shekaru suka ja, ƙanƙara ta fara rowa. Wata shekarar ta zubo ta kwana biyu ta narke, wata shekarar dutsen ya wuni tsirara. Gwiwoyin Hadda suka kumbura, idonta ya soma hazo, har sai da yatsa take gane kaifin ƙarfe. 'Yarta Itto da ke aure a Marakish ta matsa: “Inna, ki sayar da tarkacen nan ki taho. Sanyin bana ba zai bar ki ba.”

Ta sayar. Takalmi bayan takalmi, sai da kowane mai saye ya yi gumi. Rumfa ta zama wayam, saura jan katako. Itto ta ce mota na zuwa kafin a rufe hanya. Hadda ta ce ba inda za ta sai katakon ya sami mai shi. Da hantsi ta zauna a gabansa, da yamma ta shigar da shi, kuma kullum akwatinta yana ɗaure.

Ana cikin haka makiyayan bayan dutse suka fara gangarowa da tumakinsu. Ɗaya daga cikinsu, wani dattijo mai suna Addi, ya wuce rumfar, ya tsaya, ya dawo da baya. Takalmin taya ne a ƙafarsa, ka gan shi ka san bai taɓa zamiya ba. Ya zaro wani zare mai ƙulli daga aljihu, ya auna katakon tun daga kai har wutsiya. Ƙullin ya tsaya daidai. Ya kai babban yatsa wajen da Bihi ya ƙona alamarsa da ƙusa, bai ko laluba ba.

“Baiwar Allah, na sayarwa ne?”

“Shi ya sa yake waje.”

“Ɗana ne ya nace sai ya koyi zamiya, ya riƙa jan baƙi kamar 'ya'yan nan wajen. Ni ba mai ƙarfi ba ne. Amma ƙafa ɗaya ce, ki duba min.”

Hadda ta kasa kunne tana jiran sauran magana. Bai ƙara komai ba. Lahsan ya ajiye buta ya matso, don kada faɗan ya wuce shi.

“Zan ba da tunkiya,” in ji Addi.

“Albarka.”

“Da ɗanta.”

“Riƙe dabbobinka.”

Ta dafa bango ta miƙe. Ta share cikin katakon da gefen mayafinta, ta ɗora masa a hannu biyu. 

“Duk wanda ya taɓa katakon nan sai ya tambaye ni ina ɗan'uwansa,” in ji ta. “Kai kaɗai ba ka tambaya ba. Ga farashina: ka kai ni inda ka tsinci ɗayan, in kwaso mijina in binne shi.”