Kafson Inna Lantana

Tun da aka gano kafson nan ja-da-rawaya yana kashe ciwon daji, aka kwashe shi kaf daga kemis. Mai ciwon kaɗai ake ba, shi ma sai ya haɗiye a gaban ma'aikatan asibiti.

Inna Lantana tana da dajin nono, don haka tana da rabo. 'Yarta Barira kuwa tana kwance a gida, ɗinkin haihuwa ya ruɓe yana ruwa. A da, kafso ɗaya za a fasa a barbaɗa mata.

Ranar karɓa, Inna ta tura kafson gurbin haƙorinta da ya faɗi, ta kurɓi ruwa.

"Ɗaga harshe, Inna," in ji ma'aikaciyar. "Madalla."

Inna ta yunƙura za ta tafi.

"Yi haƙuri, sabuwar doka ce. Kowa sai ya zauna a benci tukuna."

Ta zauna cikin tsofaffi, kowa bakinsa gum, ba mai gaida wani. Can ta ji ɗaci yana tsatsowa. Ta ƙi haɗiye yawu har ya cika mata baki.

"Sannu, Inna," in ji ma'aikaciyar. "Ai ke kam kina samun sauƙi."