Mai Hoto a Bakin Dogo

Namadi, na ji ka ce ba za ka je ganin tsohuwa ba sai ka sami abin kirki da za ka riƙa mata. To, gyara zama in ba ka misali.

An yi wani mai hoto a wani gari da layin dogo ya ratsa. Gwani ne, irin wanda in hoto bai yi masa ba sai ya yage shi, ko da mai shi ya ce yana so a haka. Mahaifinsa tsohon direban jirgin kaya ne. Ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana jan taragan shanu da gyaɗa zuwa kudu, ya dawo da siminti da gishiri. Da tsufa ya zo ƙafafu suka ƙi, ya koma zaman soro a kan buzu, ganinsa kuma ya fara zama dishi-dishi. A lokacin jirgin kaya ya zama baƙo a garin, sai a yi makonni ba a ji ɗuriyarsa ba. Ran da ya wuce kuwa, tsohon yakan ɗaga kai ya kasa kunne har ƙarar ta ɓace. Wata rana ya ce wa ɗansa, "Kai da kake ɗaukar amare da angwaye, ɗauko mini kan jirgin nan mana in gani. Na yi marmarinsa." Ɗan ya ce, "An gama, Baba."

Ashe aiki ne ja. Jirgin kaya ba shi da lokaci, in ka tambaya a tasha sai a ce maka yana hanya. Mai hoto ya riƙa rufe shago yana zuwa bakin wata gada a bayan gari, ya rataya kyamara a wuya ya zauna. Zafin bazara na dukansa, awaki na kwance a kan dogo suna tuƙa, mata sun shanya barkono a gefen layi don sun san ba abin da zai zo. Yakan dafa ƙarfen da tafin hannu ko zai ji motsi, ya ji zafi kawai. Da yamma ya koma gida da ciwon baya da ƙishirwa. Ran da jirgin ya fara zuwa, rana tana bayansa, kan jirgi ya fito baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Na biyu ya zo cikin damina ana yayyafi, hoton ya fito dusu-dusu. Na uku ya yi kyau ƙwarai, sai dai wani mai keke ya gitta ya tare gefe guda. Matarsa ta leƙa ta ce, "Maigida, ka kai wa Baba wannan mana, ai jirgi dai jirgi ne." Ya ce ba zai miƙa wa mahaifinsa aikin da shi kansa yake jin kunyarsa ba. In tsohon ya tambaya ko jirgi bai zo ba tukuna, sai ya ce ya zo, amma hoton bai fito yadda ake so ba. Tsohon ya ce, "To, Allah Ya kawo mai kyau." Da tafiya ta yi tafiya ya daina tambaya.

Shi ma mai hoton ya gaji. Abin da ya fara da ɗoki ya zame masa kaya, har ya kai in ya jiyo odar jirgi daga nesa sai ransa ya ɓaci, amma ya kasa bari. Ya fita da sassafe, ya dawo a galabaice, ya yi sallama a soro daga tsaye ya shige ciki. Saboda haka bai lura ba cewa tsohon ya fara lalube kafin ya kama buta, bai lura ba cewa sai mutum ya yi magana yake sanin wanda ya shigo. Bayan an kawar da amfanin gona, wata safiya, Allah Ya ba shi sa'a. Kan jirgi ya ɓullo daga kwana rana na haskaka fuskarsa, lambarsa a fili, direba ya fito da gwiwar hannu ta taga, taragai sun jero a baya har iyakar gani. Mai hoto ya ɗauka, ya wanke hoton babba, ya sa shi a gilashi, ya kawo soro ya durƙusa ya miƙa. Tsohon ya karɓa da hannu biyu. Ya shafa gilashin da tafi, ya kawo shi daf da hancinsa, ya riƙe shi a kife, ƙafafun jirgin suna kallon sama. Ya daɗe a haka, sannan ya ce, "Madalla, Allah Ya yi maka albarka. Wane launi suke shafa musu yanzu?"

Mai hoto ya zame ya zauna a ƙasa. Daga baya ya shiga kwatanta wa mahaifinsa jirgin da baki, tun daga fitila har taragon ƙarshe, tsohon yana gyaɗa kai.

Irin wannan ne Hausawa suke nufi da suka ce, garin neman gira aka rasa ido.